Masu Dara, Daga Mai Tona Rami Zuwa Mai Shiru

A Amurka akwai wani wasan tebur, Dungeons & Dragons, da ya fito a 1974. Kowa yakan ɗauki matsayin jarumi ko boka ko ɓarawo, a rubuta masa matakinsa a takarda, daga 1 zuwa 20, kuma har gobe masu yin sa suna musu a kan inda ƙaramin mataki ya tsaya, babba ya soma. Masu dara a ƙasar Daura ba su san takarda ba, amma kowa ya san tsararsa. Je ka gindin darbejiya bayan la'asar, a cikin birni ko Sandamu ko Baure, ka duba wa ke zaune, wa ke tsugune, wa ke tsaye. Sannan ka kasa kunne: gwargwadon surutun mutum, gwargwadon ƙarancin iyawarsa.

Na can ƙasa shi ne mai tona rami. Shi ke share wuri, ya tona gidaje 30, layi 5 kowanne da 6, ya ƙirgo tsakuwa 12 da karare 12. Da an zauna sai a ce, "Kai yaro, karɓo mana goro." Kafin ya dawo an yi ci uku. Shekara biyu yana hidima, bai taɓa ganin ƙarshen wasa ba.

Sai Malam Da-ni-ne. Tsaye yake, hannu a baya, wuya a miƙe. Ba a taɓa cin sa ba, don bai taɓa zama ba. Kowane motsi sai ya ja tsaki ya ce, "Kash! Da ni ne, da tuni an tashi." Ran da aka matsa masa wuri aka ce bismilla, sai ya tuna gwiwarsa ba ta son tsuguno.

Na uku ɗan gaggawa. Ya ji an ce jera uku shi ne ci, sai ya ga ai huɗu ya fi uku albarka. Ya jera huɗu, ya kai hannu zai ɗauke ɗan abokin wasa, a riƙe masa hannu a ce huɗu ba ta ci. Zai rantse a garinsu ana ci. Garin nasu kuwa bayan masallacin nan ne.

Akwai mai babbar riga, wanda kunnensa ya fi na ladan. Idan yana ci, ko an tayar da iƙama sai an taɓa shi. Idan 'ya'yansa suka koma huɗu, yakan jiyo kiran magariba tun rana na tsaka. Ya miƙe da salati, hannun riga ya bi ta kan gidajen ya shafe, ya ce, "Subhanallahi, ga shi kuwa na kusa kama ka."

Alhaji mai shayi matakinsa a aljihu yake. Shi ke biyan shayi da ƙosai, don haka duk majalisar ba mai ganin kuskurensa. "Ranka ya daɗe, wannan motsi sai ku!" in ji wanda ya kau da ido daga ci biyu. Randa Alhaji ya manta kuɗi a gida, ranar ce dara ta ci gida.

Gwanin unguwa kuwa da gaske ya iya. Ya san yadda ake shirya gidan da ɗa guda zai riƙa fita yana komawa, kowace komawa da ci. Daga ƙofar fada har wajen rijiyar Kusugu ba mai ja da shi. Sai wata Lahadi ya tafi kasuwar Mai'aduwa, ya tarar da wani bafataken shanu da ya ƙetaro ta Kwangwalam daga Nijar, inda Zabarmawa ke kiran wasan dili. Baƙo ya ci shi sau uku kafin shayi ya huce. Gaba da gabanta. Da ya dawo aka tambaye shi labari, ya ce ƙasar can tsandauri ce, rami ba ya tonuwa da kyau.

A ƙololuwa akwai Baba mai shiru. Buzunsa ne jikin bishiya, ba mai zama a kai ko yana Makka. Shi ya san cewa tun lokacin zuba 'ya'ya ake gama wasa, lokacin da doka ta hana jera uku, jama'a kuma suna ganin ba a fara komai ba. Yakan ajiye tsakuwa a wani lungu, 'yan kallo su yi dariya, sai bayan motsi goma a ga amfaninta. Ba ya kirari, ba ya gardama. In ya ci, abin da yake faɗa kawai shi ne, "Sake zubawa, ɗana."

In baƙo ne kai kana neman sanin matakinka, hanyar a sauƙaƙe take. Yi sallama ka tsaya. Idan aka gyara maka tabarma, ana shakkar ka. Idan aka tambaye ka ko kana da canjin dubu, kai ne sabon Alhaji. Idan kuwa aka miƙo maka kara aka nuna maka ƙasa, to fara tona, kuma ka tabbata sun cika 30.