Obahol ko Beljiyom: zaman majalisar gindin mangwaro

Daga tsakiyar Disamba zuwa 1 ga Janairu da ake bikin Afan, Kagoro takan karɓi baƙi kashi biyu: 'ya'yan gari da suka dawo daga Abuja, Kaduna da Legas, da kuma motocinsu. 'Ya'yan garin sukan koma bakin aiki bayan biki. Motocin kuwa, wasu sai Ista.

Kafin a taso, an kai mota wanki, an goge ta har tana ɗaukar ido, an sa sabbin rigunan kujera, an manna ayar Zabura a gilashin baya. Baƙin mai ne kawai ba a taɓa ba tun Afan ɗin bara. Akwai wata jar fitila da ke ta kunnuwa a gaban direba, amma tuni aka rufe ta da baƙin salatif don tana ɗaga wa Madam hankali. Aka loda buhun shinkafa biyu, akuya ɗaya, suruka da jikokinta. Ana hango dutsen Kagoro, sai inji ya fara ƙwas-ƙwas-ƙwas. Bakanike ya zo kan babur, ya kasa kunne, ya cire hula kamar mai gaisuwar mutuwa. "Oga, sai haƙuri. Ya buga."

Kafin a gama turo motar gareji, majalisa ta cika a gindin mangwaro. Babu wanda aka gayyata, babu kuma wanda zai ba da ko sisi, shi ya sa kowa ke magana da ƙarfin zuciya.

'Yan obahol ne suka fara. A sauke inji, in ji su, a kai karanshaf Kafanchan ko Jos a yanka, a sa sabon metal da ringi da gasket, ya dawo kamar yau aka yi shi. Maganarsu akwai gaskiya, don wanda ya buɗe injinsa ya san abin da ke ciki. Matsalar tana shagon kayan gyara. Mai shago zai jera maka ringi kala uku a kan kanta: orijinal, mai bi masa, da wanda ake kira "a dai isa gida". Oga zai juya na farkon, ya yaba nauyinsa, ya ɗauki na ukun, ya kuma nemi ragi. Daga nan a baje hanjin injin kan buhun siminti, iskar hunturu tana yi masa yayyafin ƙura, yaran gareji suna wanke fistin da fetur a tsohuwar roba. Idan an haɗa, noti huɗu ko biyar za su saura a gwangwani. Kada ka tambaya. Amsar a shirye take: "Oga, ai Bature ne ya cika sa noti."

Sai 'yan Beljiyom suka karɓa. Su a wurinsu gyara ɓata kuɗi ne, a je Panteka a Kaduna ko a aika Ladipo a Legas a ɗauko tsohon injin Turai, wanda ake kira Beljiyom, sukutum. Abin da ke ba ni mamaki da injinan nan shi ne tarihinsu ɗaya ne. Kowanne daga motar wata tsohuwa aka ciro shi, wadda ba ta zuwa ko'ina sai coci ranar Lahadi. Da alama tsofaffin matan Turai ba su da wata sana'a sai tara mana injina. Wani injin kuma, in ka kankare sabon fentin, za ka tarar iyakar ƙasar wajen da ya taɓa zuwa ita ce Mararrabar Jos. Garanti sati ɗaya ne, kuma tun daga ranar da ka biya ake lissafi, ko da injin na bayan tirela. Farashi kuwa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, mai shago ba ya faɗa sai ya leƙa wayarsa ya ga yadda dala ta kwana.

A nan ne wani dattijo mai fansho zai gyara murya ya ce duk laifin motocin zamani ne. Shi 504 ɗinsa haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Peugeot da ya fara aiki a 1975, kuma tun Gwamna Awan yana kan sarautar Kagoro bai taɓa canza mata inji ba. Gaskiya ya faɗa. Bai dai ƙara da cewa kaji sun shekara goma suna ƙwai a kujerar baya ba.

Hukuncin bai kai tsawon cin tsire ɗaya ba. Idan bulo bai tsage ba, karanshaf bai sha yanka har ya rame ba, kuma bakaniken yana awo da ma'auni maimakon farce, a yi obahol da kaya masu kyau. Idan kuwa sandar fistin ta huda bulo ta leƙo waje, a nemi wani inji, a kuma tafi da wanda ya san sautin inji ya ji shi kafin a biya. Amma majalisa takan kai sati uku, kuma a duk zamanta ba za ka ji an tambayi abin da ya kashe injin farko ba.

Shi ya sa ranar da sabon inji ya iso, aikin farko shi ne a cire masa tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Ana faɗar haka a Kagoro, cikin hunturu, kowa sanye da rigar sanyi biyu. A haɗa fanka kai tsaye, a mayar da tsohon lagireton da ya toshe, a ɗura masa ruwan rijiya, a zuba baƙin man da ake aunawa a kwalbar lemo a bakin titi. Bakanike ya ce, "Maigida, a bi shi a hankali tukuna." Maigida ya ce to, ya taka totur har ƙasa, don 'yan unguwa su ji an yi sabon inji.

Wanda kuɗinsa suka ƙare a hidimar biki kuwa, za ka same shi ranar 3 ga Janairu a tashar Kafanchan, su biyu a kujerar gaban Golf, giya tana dukan gwiwarsa. Makullin motarsa na rataye a yatsa inda kowa zai gani, yana gaya wa na kusa da shi cewa ya bar ta ne a gida a yi mata ɗan sabis.