Shinkafar da Ta Koma Shadda

A Madekali, buhun shinkafa na da wata baiwa. Ana ɗora shi a babur zuwa kasuwar Malanbil, sai ya dawo gida yadi goma na shadda, da hula, da kwalbar turare. Takin zamanin da aka je saye kuwa, wai bai iso ba tukuna.

Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kaya da dama sun maƙale. Atamfa dai ta koyi shiga kwalekwale.

Saura mako guda Sallah, magidanta kan yi layi a ƙofar tela, cikin jimami, suna tambayar ya jikin babbar riga. Akuyar gida na jin an ambaci kuɗin ɗinki, sai ta daina cin dusa.