Masu Kwamfutar Gwanjo a Ushafa

Tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, mai allon nan mai ƙeya, ba ta kwana biyu a gida ba ta tona halin mai ita ba.

Ga Malam Garaje. Tun daga Banex a Wuse yake rungume da kwalin, ta Dutsen Alhaji, har Ushafa. Ko takalmi bai cire ba ya jona. Ashe baiwar Allah daga Amurka ta fito, an saita ta a kan wuta 110, tamu kuwa 230 ce. Akwai ɗan jan maɓalli a bayanta da ake turawa, amma wa ya tsaya duba baya? Fat! Sai ƙauri. Washegari yana bakin titi da kwalin, yana rantsuwa cewa an cuce shi.

Kishiyarsa Alhaji Tattali. Shi bai taɓa kunnawa ba. An ɗora ta a falo, Hajiya ta lulluɓe ta da kyallen saƙa, yaron da ya matso kusa ya sha tsawa. Baƙo kawai ake yaye wa mayafin ya gani ya yi "Allah ya sanya alheri".

Wanda na fi tausayi shi ne Baban Ɗalibi. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, ga hedikwatarta nan kusa a Bwari, hankalinsa bai kwanta ba. Ya matse bakin aljihu ya sayo Pentium 4 mai Windows XP, wadda Microsoft ta sallama tun 2014, don yaro ya saba da linzami. Yaro ya saba kuwa. Duk unguwa ba mai ja da shi a wasan kartar Solitaire. Kwamfutar ma da nata rikicin: ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, saboda haka kullum aka kunna sai ta farka a farkon ƙarnin nan. A lissafinta bai daɗe ba da Bill Clinton ya zo kallon masu ginin tukwane a Agustan 2000, ƙurar ayarinsa ma ba ta lafa ba. Uban ya gyara kwanan wata, a ɗauke wuta, ta koma gidan jiya.

Akwai kuma Mai Tonon Silili, wanda ya tarar tsohon mai ita bai goge komai ba. Ya raba dare yana kallon hotunan wani Bajamushe da karensa, har ya san dangin kaf. Da ya tashi rubuta wasiƙa sai rigima ta ɓarke, domin Jamusawa sun musanya gurbin Y da Z. Ya nemi "yara" ya samu "zara". Su ƙ da ɗ da ɓ kuwa, ko sama ko ƙasa.

Dukkansu a hannun mutum guda suke ƙarewa: Injiniyan Unguwa. Bai yi karatun abin ba, amma yana da sukundireba da jakar fayafayan CD. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta:

"Alhaji, bairos ne. Sai an wanke ta."

"To ai igiyar ce ɓera ya ci."

"Ranka ya daɗe, ai bairos ɗin ta nan ya shiga. Kawo kuɗin mota in leƙa Kubwa."