Mutanen da Ke Tsakanin Yaro da Jita

Ranar da yaronka ya ce yana son koyon jita, ranar za ka gano danginka da maƙwabtanka duk masana kiɗa ne, ɓoyewa kawai suke yi. Ita jitar ba ta da wuyar sha'ani, katako ne da tsirkiya shida. Aikin yana wajen mutanen da za ka ratsa kafin yaro ya taɓa ta.

Na farko mai shago, sarkin "Alhaji, ai zai girma da ita." Ka shiga Sabon Gari da ɗan shekara bakwai, ya sauko maka da jitar manya mai tsawon kusan mita ɗaya, yaro ya rungume ta, ba ka ganin komai sai hularsa da ƙafafunsa. Ka ce ka ji kamfanoni irin su Yamaha suna yin ƙanana domin yara, mai rabin girma da mai kashi uku cikin huɗu. Ya ce waɗannan kayan wasa ne. Ma'ana, ba ya da su. Ka ce mai tsirkiyar roba kake so, ta ƙarfe tana cin yatsun yaro. Ya ce ka ɗauki ta robar, in yaro ya ƙware ya sa maka na ƙarfe a jikinta. Kada ka yarda. Jan tsirkiyar ƙarfe ya kusa ninka na roba, wata rana kuna cin tuwo za ku ji ƙara daga ɗaki, ku tarar katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɓalle.

Sai abokinka mai tattali: "Saya masa mai arha, in ya gaji ba ka yi asara ba." Mai arhar tasa tsirkiyoyinta sun yi nesa da wuyanta har yatsa yana shigewa, alhali tazarar milimita uku ko huɗu ta isa. Ka saita ta da safe, kafin azahar ta kwance. Yaro ya danna ya danna, sauti ya ƙi fita, bayan wata guda ya jingine ta a bayan ƙofa. Abokin naka ya zo ya gani, ya yi murmushi: "Ban faɗa maka ba?" Kishiyarsa shi ne wanda bai taɓa riƙe jita ba amma ya rantse in ba Fender ko Gibson ba ce gara a haƙura.

Gwaggo tata gajeruwa ce: "Maroƙi za ka mai da shi? A gidanmu?" Tana cikin faɗan wayarta ta yi ƙara, sai ga kalangun Shata.

Kawu kuwa kishin gida ne ya dame shi. "Me ya samu gurmi? Haruna Uji da jita ya yi suna? Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya da kuntiginsa, har ya rasu a 2015 bai ƙara ta biyu ba." Gaskiya ya faɗa. Ka ce to, Kawu, ina za a samu mai koyar da gurmin? Nan take ya tuna ana jiransa a wajen ɗaurin aure.

Akwai kuma mai "Wane malami? Komai yana YouTube." Haka ne, akwai komai, sai dai wanda zai ce wa yaro babban yatsansa ya karkace.

In ka tsallake waɗannan sai ka faɗa hannun malamai, a nan ne nake da gwanina, Malam Bari-ka-gani. Allah ya ba shi hannu, wannan ba musu. Yana zuwa da yamma da baƙin tabarau ko da hadari ya haɗo, ya gaishe ka da ladabi, ya ce wa yaro, "Kawo in saita maka." Daga nan yaro ya yi bankwana da jitarsa. Saitawar da ba ta wuce minti biyu sai ta zarce ta zama kiɗan Agadez. Ya lumshe ido, ya karkata kai, ya ce, "Wannan hannun Bombino ne, ka san shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy, a 2019?" Yaro bai sani ba. Daga Agadez a gangara Mali wajen Ali Farka Toure, daga can a sauka birnin Benin a gaida Victor Uwaifo. In ya ga mutanen gida sun leƙo ta labule sai ya miƙe tsaye, ya mai da jitar bayan wuyansa, ya ba da labarin yadda Jimi Hendrix ya cinna wa tasa wuta a kan dandali a 1967, ka yi sauri ka tuna masa cewa wannan da kuɗinka ka saya. Yaro yana zaune ya zuba tagumi kamar ɗan rakiyar amarya. Saura minti biyar lokaci ya cika ya miƙa masa: "To, yi yadda na yi." Yaro ya ja tsirkiya ɗaya, ta yi kuka. "A'a, bari ka gani." Ya karɓe. Da zai tafi ya ce maka, "Yallaɓai, yaron nan yana da kunne." Dole ya yi kunne, shi kaɗai yake amfani da shi. Duk da haka ban iya jin haushinsa. Mutum ne da ya rasa dandali ya samu falonka, kai kuma kana biyan kuɗin kallo duk Asabar.

Malam Takarda akasinsa ne: wata uku yaro yana zana layi biyar yana ɗiga ƙwallaye a kai, jita tana cikin jaka, wai sai tushe ya kafu. Malam Ina-hanya kuwa ya karɓi kuɗin wata, amma da zarar lokacin bukukuwa ya kama, muryarsa kawai za ka riƙa ji, ganguna suna tashi a bayanta.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai tsawa. Yaro ya zo da yatsu suna zafi, kanta ba ta fito ba tukuna, ya buge masa hannu ya ce raki ne. Ya ga bahago ne, ya ce a nan ba a kiɗa da hagu, ya juya masa jita da ƙarfi, bai ko tambaya ba. Hendrix ɗin da ake ta ambato bahago ne, haka Paul McCartney, haka Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bayan sati biyu ya dubi ɗan shekara takwas a gaban ubansa ya ce, "Wannan ba shi da baiwa." Wa ya ba ka wannan hukunci? Yaron da ya zo da ƙafarsa yana so, ka kore shi da jimla ɗaya, ya girma yana gaya wa mutane shi ba ya iya kiɗa. Irin wannan a sallame shi ranar, ko da an biya shi kuɗin wata. Malamin kirki ba wuyar ganewa: zauna a darasin farko, ka duba hannun wa jitar ta fi daɗewa, ka kuma duba fuskar yaro in an tashi.

Saura mutum ɗaya, uban da ya so koyon jita tun yana sakandare aka hana shi. Shi ne ke yi wa malami tambayoyi har lokacin yaro ya ƙare. Da hunturu ya kama sai ya mai da jitar ɗakinsa, wai bushewar iska tana tsaga katako. Wannan kuwa gaskiya ne, kowane masani zai shaida, kuma ni ban ga laifin mutumin da ke gwada tsirkiyoyi da tsakar dare don ya tabbatar lafiyarsu ƙalau ba. Yaro dai in yana son jitarsa ya yi sallama, za a ara masa.