Zuwa ga Malam Gindin Shafi

Ina fatan kana lafiya can ƙasan shafin intanet inda aka ajiye ka, ƙarƙashin hoton shugaba da jawabinsa na maraba da hotunan gini masu juyawa suna zuƙe mana data. Ni mai shagon kwamfuta ne a Kaya, ƙaramar hukumar Maradun. Sana'ata cike wa yara fom ɗin makaranta da buga sakamakon jarrabawa, don haka na fi waɗanda suka gina ka yawan ziyartarka.

Malam, ka san masu zuwa wurinka kuwa? Wanda buƙatarsa ta biya a sama ba ya saukowa. Mai zuwa shi ne uban da ya biya kuɗin makaranta, banki ya cire, rasit bai fito ba. Yana ta jan allo da babban yatsa, sabis sanda ɗaya, caji ya yi ja. Da ya iso sai ka tare shi da harafin C a cikin da'ira, da shekarar 2017, da albishir a Turance cewa an kiyaye dukkan haƙƙoƙi. Haƙƙin wa? Nasa dai yana can ya maƙale. Wannan alama da kake tinƙaho da ita ma ba dole ba ce: a yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya ta shiga a 1993, haƙƙin mallaka yana tabbata ko ba a rubuta ta ba. Amurka da ta daɗe tana nacewa a kanta ta saki tun 1989.

Ga kuma abokan zamanka. Tsuntsun Twitter yana nan daram, alhali tun Yulin 2023 masu shi suka sallame shi. Alamar Google+ ma tana nan, shi da aka yi wa jana'iza a 2019. In an taɓa su sai su cilla mutum saman shafi, ya sake sabon lale. Na taɓa ganin shafin wata makaranta ta yankinmu, gindinsa ɗauke da adireshin wani titi a Melbon ta Ostireliya, saboda a can aka sayo ƙirar, aka manta ba a goge ba. Daga Bakura wace mota ake shiga?

Ba na ɗora maka laifin duka. Tun da Aza Raskin ya ɓullo da shafi marar ƙarshe a 2006, manyan kamfanoni suka mai da kai ɗan gudun hijira, ana hango ka ana ƙara turo labarai. Amma makarantu da asibitoci da ofisoshi ba su da wannan uzuri.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. Lambar waya mai shiga, wadda in an taɓa ta kira zai tafi, a kuma faɗi ofishin da ke ɗauka. Lokacin buɗewa da tashi, musamman ranar Juma'a, don kada mutum ya biya kuɗin mota zuwa Talata Mafara a kan hanyar da kowa ya san halinta, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Kwatance irin namu: bayan tasha, daura da masallaci. Ka rubuta ƙarara ta inda ake biyan kuɗi, da gargaɗin cewa duk wanda ya turo asusun kansa ɗan damfara ne. Tunda muna miƙa lambar katin ɗan ƙasa ta 'ya'yanmu, kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023, ka gaya mana a hannun wa take, da Hausa in da hali. Duk wannan a rubutu zalla, gajere, yadda zai shiga bayan kwalin sabulu. Mu da aka rufe wa layukan waya a Satumbar 2021, har sai an tafi Sakkwato ko Funtuwa kafin a ce "halo", mun koyi kwafe lamba a takarda tun sabis yana nan.

Af, a can kusurwarka ta dama na ga sunan saurayin da ya tsara wani shafi, da lambarsa. Ita kaɗai ce ta shiga. Ya ce in isar da saƙo ga masu shafin, in na dace da su, cewa har yau yana bin cikon kuɗinsa.

Naka,
Mai shagon kwamfuta, Kaya.