Duba-gari a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya yi wayo a Arewa kafin shekarun 1980 ya san abin da ke faruwa idan aka ce duba-gari ya shigo unguwa. Mata su hau sharar tsakar gida, a kife tsofaffin gwangwanaye, a yashe kwata, a zubar da ruwan randar da ya kwana biyu, kada mutumin ya leƙa ya ga tsutsar sauro ya rubuta sammaci. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin mutanen nan. A makarantar koyon aikin tsafta ta Kano ya yi karatu, ya yi aikin har ya yi ritaya, kuma har gobe idan ya je gidan suna sai ya ɗaga kofi ya duba shi a haske kafin ya kai baki.

To, shi ne 'ya'yansa suka yi karo-karo suka yanka masa tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, shi da matarsa Hajiya. Za a tashi daga tashar Port Rashid ta Dubai, a zaga Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha, a dawo. Da sanyi ake wannan zagayen, don da bazara zafin yankin ba ya barin kowa ya shaƙata. Ni kuma aka haɗa su da ni, tafinta kuma ɗan dako.

Kawu bai nuna ko ɗar ba game da nutsewa. Gado ne damuwarsa.

"Ɗan nan," ya ce da ni tun muna layin shiga, "ka san waɗancan masu fitowa da akwatuna, a gadonmu suka kwana jiya?"

Gaskiya ya faɗa. Irin waɗannan jiragen ba sa hutawa. Da safe dubban fasinjoji su sauka, da azahar wasu dubban su hau, kuma a 'yan awoyin da ke tsakani ne masu gyaran ɗaki za su yaye kowane gado, su sake shimfiɗa, su wanke banɗaki, su goge madubi. Kawu ya yi wannan lissafin tun a gida, ya raba ɗakuna da ma'aikata da awoyi, amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Ya kuma karanta labarin Diamond Princess, jirgin da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 da mutum 3,711 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, cewa an ga ɓurɓushin ƙwayar a wasu ɗakuna kwana 17 bayan masu ɗakunan sun fita. Na ce masa kafin a yi feshi ne aka ɗauki samfurin, kuma ɓurɓushi daban, ƙwaya mai rai daban. Ya ce in bari manya su yi magana.

Makaminsa na farko tocila ce, 'yar ƙarama mai shuɗin haske, irin wadda 'yan canji a Wapa ke haska dala da ita don gane jabu. Wani bidiyo ya gani a WhatsApp inda aka haska gadon otal da irinta, kowane tabo ya fito.

Ɗakin nasu na cikin tsakiyar jirgi ne, ba taga, ba baranda. Mai gyaran ɗakin wani saurayi ne ɗan Indonesiya, ya yi sallama cikakkiya, ya ga hula da carbi ya shiga kiran Kawu da Pak Haji. Kawu ya amsa da fara'a, ya jira ya fita, ya murza makulli, ya ce in kashe fitila. Duhu ya rufe. Ya kunna tocila ya dalla wa zanen gado.

Zanen ya ɗauki haske gaba ɗayansa, daga kai har ƙafa, fari mai shuɗi-shuɗi. Rigar filo ma haka. Tawul ma haka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kawu. "Hajiya, kada ki zauna! Ba ko taƙi ɗaya mai tsarki a nan."

Hajiya, wadda ta riga ta zauna, ta ce, "Malam, juyo da ita kan rigarka mu gani."

Ya juyo. Farar shaddarsa, wadda aka wanke aka buga takanas don wannan tafiya, ta fi zanen gadon ƙyalli nesa ba kusa ba. Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin inji daga can ƙasa.

Bayanin ba wuya. Masu yin omo suna zuba wani sinadari da ke maƙalewa a zare, ya sha hasken da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi, shi ya sa farin kaya ke ƙara fari a ido. Abin da tocilar ta nuna shaidar wanki ce. Ƙwayar cuta kuwa, ko tocila goma aka haɗa ba za a gan ta ba. Na yi ƙoƙarin faɗa masa haka, amma Kawu ya riga ya yanke hukunci: mai wankinsa na Kano ne ya cuce shi, kuma zai gamu da shi.

Daga nan ya koma aikin da ya sani, kuma a nan kam ba wanda zai raina shi. Ya sa na ɗora akwatuna a kan tayil ɗin banɗaki, ya yaye zanen, ya bi ɗinkin katifa da yatsa kusurwa-kusurwa, ya leƙa bayan allon gado yana neman baƙaƙen ɗigo da saɓar kuɗin cizo. Haka masana ke cewa a yi. Kuɗin cizo ba ruwansa da tsadar ɗaki, a cikin akwatin matafiyi yake hawa jirgi, kuma a 2023 ya hana birnin Paris sukuni, har aka riƙa yaɗa hotunansa a kujerun jirgin ƙasa da na silima. Ba a san shi da yaɗa wata cuta ba, sai dai ƙaiƙayi da hana barci, kuma wanki da ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe shi har ƙwansa. Kawu bai sami ko ɗaya ba. Na lura abin ya ɗan ɓata masa rai.

Da a nan ya tsaya, da an kwana lafiya. Sai ya zaro kwalbar Dettol, ya tsiyaya a buta, ya cika da ruwa, ya bi katifar nan da yayyafi har ta jiƙe sharkaf. A gida sai a fitar da ita rana, kafin la'asar ta bushe. A nan ba rana, ba iska sai ta na'ura. Hajiya ta kwana a 'yar kujerar ɗakin tana mita. Kawu ya shimfiɗa darduma a kan kafet ya miƙe, yana cewa ƙasa ba ta taɓa cutar da kowa ba.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zanen gado, duk sauyin fasinja sai ya gangara ɗakin wanki a ƙasan jirgi, ya sha ruwan zafi da sabulu, ya bi ta cikin injin guga. Kafet kuwa ba mai ɗaga shi, sai dai a bi shi da injin shara, kuma takalmin kowa ya taka shi. A Ingila an taɓa rubuta labarin wasu ma'aikata biyu da suka kamu da amai da gudawa bayan sun ɓamɓare kafet a wani ɗakin asibiti, kusan mako biyu bayan mai cutar na ƙarshe a wurin. Ban gaya wa Kawu wannan ba a daren, don ina son in yi barci.

Washegari warin Dettol ya ishi Hajiya. Ta buɗe jakarta ta fito da ɗan kasko da gawayin nan mai kamawa da kansa da ta saya a kasuwar Deira ta Dubai, ta kunna, ta barbaɗa turaren wuta mai kyau, ta kara shi ƙarƙashin bargo kamar yadda ake yi wa ɗakin amarya. Hayaƙi ya tashi ya sami na'urar da ke manne a silin. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, kafin in ɗauka an fara bugun ƙofa: jami'in tsaro, da wani mai farin kaki da rediyo a hannu, da wani riƙe da tukunyar kashe gobara, ga ɗan Indonesiya a bayansu ya dafe kai.

A teku ba abin da ake tsoro kamar wuta, shi ya sa ba a yarda da dutsen guga ko kyandir ko turaren wuta a ɗaki ba. A Maris ɗin 2006 gobara ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess yana hanyar Jamaika, masu bincike suka ce ga alama guntun sigari ne sila. Mutum ɗaya ya rasu, ɗakuna da dama suka ƙone. Jami'in ya yi mana wannan wa'azin cikin ladabi, ya karɓi kasko, ya ba da rasit, ya ce a karɓa ranar sauka. Hajiya ta ce in tambaye shi ko ya taɓa jin ƙamshi irin wannan. Ya amsa cewa bai taɓa ba.

Aka sauya katifa. Da yamma muka tarar ɗan Indonesiya ya naɗe tawul ya yi siffar biri, ya rataye shi a jikin hanga, ya sanya masa gilashin Kawu. Al'adar jiragen ce, don a faranta wa baƙo. Kawu ya ce hannu nawa ya taɓa tawul ɗin kafin ya zama biri, ya koma kan dardumarsa.

Abin da ya fi addabar jiragen nan a zahiri ba a gado yake kwana ba. Sunansa norobairos, daga garin Norwalk na jihar Ohio, inda ya kwantar da ɗaliban wata firamare a 1968. Ƙwayoyi 'yan ƙalilan sun isa su kayar da ƙato, yakan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 48, ya yi kwana ɗaya zuwa uku yana wanke cikin mutum ta sama da ta ƙasa. A Janairun 2014 ya kama mutum kusan 700 a jirgin Explorer of the Seas, dole aka katse tafiyar aka koma New Jersey. Duk da haka, a lissafin CDC jiragen ruwa ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ɓarkewar da ake kai rahoto ba. Gidajen kula da tsofaffi da asibitoci da gidajen abinci sun fi su nesa, jirgi dai shi ake tilasta wa ƙirga marasa lafiyarsa, shi ya sa sunansa ke fita a jarida.

Hanyarsa hannu ce. Maɓallin lif, ƙarfen matakala, mariƙin ƙofar banɗaki, rimot, da uwa uba ludayin zuba abinci a babban ɗakin cin abinci, wanda mutum ɗari za su kama kafin a sauya shi. A ƙofar wurin akwai jerin famfuna da sabulu, da wata ma'aikaciya da aikinta kawai ta yi ta rera wa mutane kira su wanke hannu. Kawu yakan wuce ta da ƙasaita, ya ɗaga mata 'yar kwalbar sanitaizarsa, ya ƙara da cewa shi mai alwala ne sau biyar a rana. Alwala kuwa ba a yin ta da sabulu, kuma wannan ƙwayar ba ta da rigar kitsen da sinadarin sanitaiza ke narkarwa, don haka bai cika yi mata illa ba. Sabulu da ruwa, a cuɗa na daƙiƙa 20, su ne maganinta.

Abu ɗaya ya burge shi a duk karatunsa. Tun 1975 CDC ke da masu duba jiragen da ke tsayawa a tashoshin Amurka. Sau biyu a shekara suke dira ba sanarwa, su leƙa kicin da tankin ruwa da wurin ninƙaya, su ba da maki bisa 100, wanda ya gaza 86 ya faɗi. "'Yan uwanmu ne," in ji Kawu, idonsa har da ƙwalla. Ya ja ni teburin karɓar baƙi ya nemi a nuna masa makin jirginmu. Aka ce wannan zagayen ba ya zuwa Amurka. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya ce ba komai, shi zai duba.

Kafin ya gama dubawar, ciki ya riga shi. Daren da za a isa Doha ya ci jatan lande, ya bi da gasasshen rago, ya bi da askirim kala uku, ya kora da lemon mangwaro, duk a kan cewa an riga an biya. Kafin asuba ya san hanyar banɗaki a duhu ba tocila. Hajiya ta ce ya sha jar kanwa ya yi shiru. Ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, ɓoye annoba haramun ne a aikinsu, ya sa na kira asibitin jirgi.

Ƙa'idar ba ta da sassauci: gudawa sau uku a yini, ko amai da wata alamar, mutum ya zauna a ɗakinsa har sai ya yi awa 24 ba ko ɗaya. Ni da Hajiya muka sauka a Doha muka shiga kasuwar Souq Waqif, ta sayi wani turaren. Da muka dawo muka tarar da Kawu a kan gado, a tsakiyar zanen nan mai ƙyalli, an jingina shi da filo uku, ga farar shinkafa da ruwan gishiri da sukari a gefe. Wasu ma'aikata biyu da takunkumi da safar hannu suna bin ɗakin da ruwan kulorin: mariƙin ƙofa, makunnin fitila, kan famfo, wayar ɗaki, rimot ciki da bai. Tawul da aka yi amfani da su an ƙulle a jaka daban. Kawu na binsu da ido, fuskarsa cike da annuri irin wanda ban gani ba tun da muka baro gida, yana nuna musu da carbi inda suka tsallake.

"Ɗan nan, gaya wa na hagun nan, hannunsa na da kyau. Da a ƙarƙashina yake, da ya yi nisa."

Ranar sauka Hajiya ta karɓi kaskonta a wani tebur, cikin tulin dutsen guga da butocin lantarki na sauran masu laifi. Kawu kuma ya tsaya a teburin karɓar baƙi ya yage shafi daga littafinsa ya miƙa. Na leƙa. Ya ba jirgin maki 84, ya ja layi biyu a ƙasa, ya rubuta dalili: kafet ɗin ɗakin kwana bai dace ɗan Adam ya kwanta a kai ba.

"Malam," in ji Hajiya, "su suka ce ka kwanta?"

Ya ce in ɗauko akwatuna, mota na jira.