Surukin da Ba Ya Cin Tuwo

Zuwa ga taubashi, bawan gado, a Kiru.

Ubangidanka na birnin Siyatil, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, yana gaishe ka da iyali, yana tambayar damina da tsadar taki. Magana ce ta taso, ya ga bai kamata ka tsince ta a bakin duniya ba: 'yarka ta fari ta yi saurayi. Kada ka zabura, a cikin littafi yake. Sai dai maye ne, ya ba shekara 100 baya, kuma 'yan matan ajinsu duk kishiyoyinta ne a kansa.

Sunan littafin Twilight. Wata matar aure mai 'ya'ya uku a Jihar Arizona, Stephenie Meyer, ita ta yi mafarki a watan Yunin 2003, ta ga budurwa da wani masha-jini suna zance a tsakiyar daji. Da a wajenmu ne, tana farkawa za ta yi tofi ta hagu, ta juya kwanciya, gari na wayewa ta nemi abin sadaka. Ita kuwa kwamfuta ta jawo. Littafin ya fito a 2005, wasu uku suka biyo bayansa kafin ƙarshen 2008, aka sayar da kwafi sama da miliyan 100, aka kuma yi finafinai biyar tsakanin 2008 da 2012 da suka tara fiye da dala biliyan 3. Ka auna wannan da buhunan masarar Doguwa in kanka zai ɗauka. Ana ganin ƙura ta lafa, sai Netflix ya saka finafinan a 2021, yaran da ko cikinsu ba a yi ba lokacin da littafin ya fito suka ɗauki abin da zafinsa. Ta wannan ƙofa ya shigo gidan ubangidanka.

Labarin bai da wuyar faɗa. Bella Swan, 'yar shekara 17, iyayenta sun rabu, ta baro wajen uwa ta koma hannun ubanta, shugaban 'yan sandan wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Forks. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen. Ƙamshin jininta ya fi na kowa tsinka masa yawu, son da yake mata kuma ya hana shi sha. A kan wannan aka cika shafi kusan 500: yana gaya mata ta guje shi don zai iya cinye ta, ita kuma tana ƙara matsowa.

Da yake ubangidanka uba ne, sai ya yi abin da kowane uba ke yi a Kiru idan an kawo kuɗin na-gani-ina-so: ya shiga bincike. An haifi yaron a Shikago a 1901. A 1918, lokacin annobar murar nan da ta zagaye duniya, yana gargara, sai wani likita mai suna Carlisle Cullen ya cije shi ya maida shi irinsu, shekarunsa suka tsaya cak a 17. Masu zuwa kotu a rage musu shekaru a takardar rantsuwa, su zo ga malaminsu. Sana'a babu, sakandare yake ta maimaitawa daga wannan gari zuwa wancan. Kuɗi kuwa ba a magana: Volvo ce a ƙarƙashinsa, ga ƙaton gida a daji, ga 'yar'uwarsa Alice mai hango abin da zai faru gobe, da ita suke cin kasuwar hannun jari. Ba ya barci, ba ya cin abinci, jikinsa sanyi ƙalau kamar randa da asubar hunturu, in rana ta taɓa shi kuma fatarsa ta kama walƙiya. Tafarnuwar da ake korar Dracula da ita a littafin Bram Stoker na 1897, wannan ko a jikinsa. Mutanen gidan wai sun tuba da jinin ɗan Adam, sai na namun dawa. Gwaggo ta Tudun Wada za ta ce to ai da sauƙi. A tuna mata jini haramun ne ko na barewa ne, kuma in aka sauke wannan iyali a dajin Falgore, ba za a rufa wata ba Fulani sun cika ƙofar hakimi da ƙara.

Abin da ya fi tsaya wa ubangidanka a rai shi ne salon zancen. Babu aiko yaro ya ce ana sallama da Bella, babu tabarma a ƙofar gida, babu ƙanwa 'yar rakiya da za a sallama da alewa. Taga yake haurawa cikin dare, ya samu wuri ya zauna yana kallonta tana barci, uban kuma, ɗan sanda guda, yana ɗakinsa bai san wainar da ake toyawa ba. Ranar da ta gane, kai ka ce za ta kurma ihu. Ina! Damuwarta ita ce kada ya zamana ya ji sambatun da take yi cikin barci. A Kwanar Dangora, kafin 'yan Hisba su iso, 'yan sintiri sun gama nasu aikin.

Akwai abokin takara, Jacob Black, kuma nan masu karatu suka rabu gida biyu, har da riguna masu sunan gwaninsu. Da farko ubangidanka bayan Jacob ya bi, don duk abin da dattijo ke nema yana da shi: an san asalinsa, ubansa aminin uban yarinya ne, yana da sana'ar hannu, gyaran mota da babur, ga cin abinci kamar ba gobe. Aibinsa ɗaya, yana rikiɗa ya zama kyarkeci, wanda ga mutumin da ya tashi yana jin labarin masu rikiɗa kura ba abin tashin hankali ba ne. Sai a littafi na huɗu ya watsa wa magoya bayansa ƙasa a ido. Bella ta auri Edward, ta haifi 'ya mace, Jacob na ɗora ido a kan jaririyar ya ce ya yi kamu. An hana shi uwa, ya koma layin 'ya. Ubangidanka ya janye ƙuri'arsa.

Da ya gama tattara hujjojinsa ya zauna zai yi wa yarinya huɗuba, uwargida ce ta tare shi tun bai kai ga ayar farko ba. “Malam,” in ji ta, “ina ce kai ne kake kawo min In Da So Da Ƙauna wajen zance a Bebeji, an naɗe bangonsa da takardar kalanda don kada Baba ya gane?” Huɗuba ta tashi a nan.

Gaskiyarta kuwa. Ka cire haƙoran, Twilight littafin soyayya ne na Kano, irin wanda ake haya a teburin mai littattafai a dawo da shi ya sha manja. A littafin Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, Sumayya 'yar masu kuɗi ta nace wa Muhammad talaka, aka matsa mata da attajiri Abdulƙadir, ta faɗa rijiya. A littafi na biyu na Meyer, Edward ya tafi ya bar Bella, ta yi watanni ba ta ci ba ta sha da daɗi, ƙarshe ta diro daga kan dutse cikin teku. Samari biyu a kan budurwa ɗaya, gida biyu da ba sa'annin juna ba, uba na harara, dattawa na zaman yanke hukunci, duk akwai. Nasu dattawan ma a Italiya suke, ana ce musu Volturi. Har kamun kan iri ɗaya ne. Meyer 'yar ɗarikar Mormon ce, masu tsanani a kan sha'anin aure, shi ya sa mayen nata, duk da haura tagarsa, ya kafe a kan babu abin da zai shiga tsakaninsu sai an ɗaura. Yarinya na gama sakandare, tana da 18, aka ɗaura ɗin. Balaraba Ramat Yakubu, da ta daɗe tana faɗa da aurar da yara mata kafin su yi karatu, da ta ga wannan ƙarshe da ta tambayi ina maganar jami'a ta kwana.

Hatta faɗan manya bai bambanta ba. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, an cinna wa tarin littattafan soyayya wuta a Kano, wai suna ɓata 'yan mata. A jerin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar na 2009, Twilight na cikin littattafai goma da aka fi kai ƙara a kansu ana neman a cire. Can da nan, 'yan matan ba su fasa karatu ba.

Masoyin da ba mutum ba ma ba baƙonmu ba ne. Kowa ya ji tatsuniyar budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi wani kyakkyawan baƙo, suna nisa da gari ya fara maida kayan aro, har ya koma dodonsa. Masu ruƙiyya har gobe suna fama da namijin dare, aljanin da ake cewa yana aure mace ya kore mata manema. A bori akwai Inna, wadda ake kira Doguwa (a gaya wa Kawu ba garinsu ake nufi ba), da tun kafin likitoci su nuna ƙwayar cutar da ke shanye ƙafar yaro ake cewa ita ce ta sha. Yanzu ma a WhatsApp da YouTube labaran aljani ya kamu da son bil'adama sun fi a ƙirga. Sai dai mu a namu, yarinya kan dawo gida da gudu ne tana neman gafara, ko a kira malam. Bella ba ta dawo ba. Da bakinta ta roƙi a maida ta mayya, aka maida ta, kuma marubuciyar ta ce sun zauna lafiya.

A nan ne dariyar ubangidanka kan ɗan tsaya. A Amurkar yau ba kasafai ake samun wanda ya yarda akwai masha-jini ba, don haka kalmar ba ta raba kowa da gidansa. A wajenmu kuwa, “gidan mayu ne” kalma uku ce da ke rushe auren da aka sa wa rana, ta bi 'ya'ya da jikoki, tun da an ce a nono ake sha. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci sunan wata cikin magagi, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a ce sai ta tsallake shi, alhali cizon sauro ne ya hau masa kai. Kuma ka lura da wadda ake jawowa: tsohuwa ce, ko bazawara, ko wadda ba ta da mai tsaya mata. Ubangidanka bai taɓa jin an tsare mai Volvo an ce ya saki kurwa ba. Da Edward zai sauka a Tudun Wada da irin dukiyarsa, da an samu masu cewa ai sharrin mahassada ne.

Forks ɗin gari ne na gaske, tafiyar awa huɗu a mota daga Siyatil, kuma yarinya ba ta bar kunnen ubanta ya huta ba sai da ya kai ta. Mutanensa ba su kai 4,000 ba. Meyer ba ta taɓa taka shi ba lokacin da take rubutu. A intanet ta nemi inda ya fi ko'ina ruwa da hadari don mayunta su samu yawo da rana, aka nuna mata shi. Finafinan ma yawanci a wasu wurare aka ɗauka. Duk da haka, a gaban ofishin karɓar baƙi an ajiye tsohuwar jar a-kori-kura irin ta Bella, mata da 'yan mata, wasu da furfurarsu, sun yi layi cikin yayyafi ana ɗaukarsu hoto a jikinta, ubangidanka na gefe riƙe da jaka da lema. Kowace Satumba ana biki a garin, don an ce ranar 13 ga wata aka haifi yarinyar da ba a taɓa haifa ba.

Tarihin garin shi ne abin ji. Da saran katako suke ci. A 1990 gwamnati ta sa wata mujiya mai ɗige-ɗige cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, aka taƙaita sare dazuzzukan da take kwana, aiki ya ja baya, gari ya yi sanyi. Kafin littafin, masu sa hannu a rajistar baƙi ba su kai 10,000 a shekara ba. A 2010 sun haura 70,000. Mujiya ta kashe musu kasuwa, maye ya tashe ta. Ka faɗa wa Gwaggo haka, ka ga ko ba ta ce kurwarta kur ba.

Saboda haka ga saƙo ga Kawu a Riruwai. Tun da haƙar kuza ta ja baya, ga duwatsu, ga hazo, ga ruwan Agusta da ya fi na ko'ina a Jihar Kano, abin da ya rage kawai marubuciya. A samo ɗaya daga cikin 'yan matan nan masu rubutu a waya, ta zaunar da wani kyakkyawan aljani a tsohon ramin kuza, ya riƙa zuwa zance bakin dam ɗin Tiga, wanda tun da aka gama shi a 1974 ake jiran masu yawon buɗe ido. Sharaɗi biyu ne: ya yi sallama ta ƙofa, kuma ya turo magabatansa. Kawu ya tanadi rumfar shayi da tsohuwar a-kori-kura, fenti na wuyan ubangidanka.

Kuɗin shararka na bana suna tafe ta hannun direban nan na Tudun Wada. Ka cire na mota ka shiga Kano, ka nemo wa yarinya In Da So Da Ƙauna, na ɗaya da na biyu, don uwarta ta ce da shi za ta koya mata karatun Hausa. Canjin da ya rage ba naka ba ne, a saya wa Gwaggo goro.

Ubangidanka,
Siyatil.